Ba a tasha muke kwana ba, Gwaggo

Gwaggo, barka da war haka, Allah ya ƙara lafiya da nisan kwana. Saƙon muryar da kika turo sau uku na saurare shi, kuma na ji inda muryarki ta karye da kika ce, "Yanzu ɗiyar ɗan'uwana ce ke kwana a mota da 'ya'ya kamar marar galihu?" Na san hoton da ya tayar miki da hankali, wanda yarinyar nan babba ta tura: muna zaune kan tabarma a gindin wata doguwar mota, tukunya bisa wuta, duhu ya fara shiga. Duk wanda ya san tashar mota da dare a gida, in ya ga hoton nan dole gabansa ya faɗi. To ki kwantar da hankalinki. Gidanmu na Kolombus a jihar Ohayo yana nan, makullinsa na cikin jakata, maigidan kuma yana kan aikinsa. Hutu muka tafi, kuma zan faɗa miki yadda abin yake tun daga tushe.

Motar da kika gani haya muka ɗauko. Mutanen nan suna ce mata RV, mu kuwa a tsakaninmu motar ɗaki muke cewa, domin ɗaki ne aka ɗora kan taya. Akwai gado babba a ƙurya mai labule, akwai wani a saman kan direba inda yara maza ke hawa, teburin cin abinci kuma da dare a kwantar da shi ya zama gado. Akwai murhun gas, firji, wurin wanke-wanke, da ɗan banɗaki mai ƙofa. Wata irin ba ta da inji, a bayan mota ake ɗaura ta a ja. Yawancinsu a garin Elkhart na jihar Indiyana ake ƙera su, maƙwabciyar jiharmu. Irin wadda muke ɗauka lasisin ƙaramar mota ya ishe ta, kuma da yake mazanmu da dama tuƙin manyan motocin kaya ne sana'arsu, ba ta ba su tsoro.

Ba a ko'ina ake tsayawa da ita a kwana ba. Akwai filaye da aka keɓe musamman, wasu na 'yan kasuwa, wasu na gwamnatin jiha, wasu a cikin gandun dajin gwamnatin tarayya. Tun daga gida ake kama wuri ta intanet, a biya, a ba ka lamba. In ka isa akwai ofis a bakin ƙofa, su ba ka taswira su nuna maka naka gurbin. A kowane gurbi akwai famfo da za ka ɗaura tiyo, da soket ɗin wuta mai ƙarfin amfiya 30 ko 50, da bakin bututun da ke tafiya da ƙazanta ƙarƙashin ƙasa, sai teburin katako da murhun ƙarfe na hura itace. Mu dai abin da muke biya a dare yakan kama daga dala 40 zuwa 80, gwargwadon wuri da lokaci. Kamfanin da ya fi yawan irin waɗannan filaye, KOA, ya fara ne a 1962 a garin Billings na jihar Montana, yanzu yana da wajen 500. Kin ga ke nan tsohuwar al'ada ce a wurinsu, ta bunƙasa tare da manyan titunan da suka fara shimfiɗawa daga 1956.

Sunan da muke kiran wurin wata 'yar'uwarmu ce 'yar Kumasi ta raɗa masa. Ranar da muka fara shiga, ta leƙa ta taga ta ga motoci a jere, kowa da murhunsa a ƙofa, sai ta ce, "Ai wannan zango ne." Ita ta fi mu sanin kalmar, a unguwar zango aka haife ta, kakanninta fatake ne da suka bi hanyar Gwanja neman goro har suka zauna. Tun daga ranar sunan ya bi wurin, har tsarin tafiyar ma ya koma irin na ayari. Ba ma fita gida ɗaya. Gida uku ko huɗu ake haɗuwa, 'yan Nijeriya da 'yan Nijar da 'yan Gana, a naɗa dattijo ɗaya madugu, shi ke riƙe kuɗin da aka tara, shi ke cewa a tsaya ko a tashi. Wani saurayi shi ne jagaba, aikinsa duba hanya da yanayin sama a waya da kama mana gurabe kusa da juna.

Kika ce me ya hana mu sauka a otal kamar masu mutunci. Gwaggo, ƙasar nan faɗi gare ta. Daga ƙofar gidanmu zuwa gandun dajin Yellowstone, inda aka ɗauki hoton, ya haura kilomita 2,500, wato Kano zuwa Legas sau biyu da rabi. Kwana huɗu muka yi a hanya. Ɗakin otal mutum huɗu yake ɗauka, mu kuwa bakwai ne, ga shi ba a girki a ciki. Da zarar an bar manyan birane aka shiga Dakota ta Kudu da Wayomin, sai ki yi tafiyar yini ba ki ga inda ake sayar da naman halal ba, abincin bakin hanya kuwa naman alade ya yi masa yawa. Da motar ɗaki, tun daga gida nake cika firji da naman da muka saya a shagon Musulmi, in soya dambun nama, in ɗauki garin tuwo, kuka, daddawa da gero. Ba zan ce miki arha ce ba. Motar shan mai gare ta, galan ɗaya da ƙyar yake kai ta kilomita 16, ga kuɗin haya ga na zango. In an haɗa lissafi kusan ɗaya ne da otal. Amma tuwon da 'ya'yana suka ci a daren nan ni na tuƙa shi, kuma na san abin da ke cikin miyar.

Batun salla da kika fi damuwa da shi, nan ne ma hankalina ya fi kwanciya. Kasaru muke yi tunda matafiya ne, sai in mun yi niyyar zama kwana huɗu a wuri guda mu cika. Maza su shimfiɗa darduma kan ciyawa tsakanin motoci biyu su yi jam'i, mu mata mu bi daga baya ko mu yi a ciki. Alƙibla a nan arewa maso gabas take, abin da ya daɗe yana ba ni mamaki, ni da na tashi ina kallon gabas sak. Wahalar ita ce lokaci. A watan Yuni a can arewa rana ba ta faɗuwa sai bayan ƙarfe tara na dare, asuba kuma tun wajen ƙarfe huɗu, barcin tsakani kaɗan ne. Buta kuwa kowace mota da tata, domin banɗakunan zangon na kowa da kowa, duk da an raba na maza da na mata kuma suna da tsabta, takarda kawai ake ajiyewa. Tankin motar ƙarami ne, dole a yi tattalin ruwa kamar lokacin da famfo ya ɗauke a Katsina. Zubar da tankin ƙazanta aikin maza ne, da safar hannu, kuma madugu ba ya bari a tashi sai ya ga an wanke wurin tas. Yakan ce in muka bar datti ba sunan mutum ɗaya za a kira ba, cewa za a yi Musulmin nan ne.

Inda al'adarmu da tasu suke karo shi ne dare. Yawancin zanguna doka ce daga ƙarfe goma a yi tsit, a kashe janareto, har wayewar gari. Mu kuwa kin san lokacin ne hira take daɗi. A tafiyarmu ta farko, a wani zango da ba sai na ambaci sunansa ba, muna zaune ana shayi ana dariya wajen sha ɗaya, sai ga mai kula da wurin da tocila, ya ce maƙwabta sun kai ƙara, in aka sake za mu tashi da safe. Raina ya ɓaci a daren, don na ga kamar da wasu ne da an yi musu magana da laushi. Amma dokar a rubuce take a takardar da muka sa wa hannu, kuma tsohon da ke gefenmu tun takwas ya kwanta. Yanzu da an yi isha'i sai mu shige mota ɗaya mu rufe ƙofa mu yi hirarmu ƙasa-ƙasa. Haka batun baƙi. A gida baƙonka annabinka, wa zai ƙirga masu shigowa? A nan gurbi ɗaya sau da yawa mutum shida aka yarda, in ɗan'uwa da ke garin kusa ya zo gaishe ku sai an rubuta sunansa a ofis, wani wurin har da 'yan kuɗi. Wannan har yau bai zauna mini ba, bi kawai nake yi.

Abinci ma sai da muka koyi yadda ake bayarwa. Ba ma iya gasa tsire ƙamshi ya cika wuri mu hana maƙwabci, amma a nan akwai mutanen da gyaɗa ke iya kai su asibiti, har ta kashe, don haka kafin a miƙa kwano sai an faɗi cewa akwai ƙuli a yajin. Wasu su karɓa da murna har su zo tambayar yadda ake yi, wasu su yi godiya su ƙi, kuma mun daina jin haushin hakan. Ragar gashi tamu muke tafiya da ita, ba ma ɗora nama kan ta zangon tunda ba mu san abin da aka gasa jiya ba. Itace kuwa a wurin ake saye, jihohi da yawa sun hana ɗauko shi daga nesa saboda wani ƙwaro mai kashe bishiyoyi da aka fara gani a Mishigan a 2002. Karnuka suna da yawa, sai dai doka ce a riƙe su da igiya.

Na san abin da hanyar Birnin Gwari ta zama, na san dalilin da ya sa kalmar kwana a hanya take tsinka miki zuciya. A nan ba a tare hanya a kwashi mutane. Abin tsoron daban ne: gyangyaɗin direba, barewa da ke faɗo wa titi da dare, da iska mai ƙarfi da ke kaɗa doguwar mota. A Yellowstone, wanda aka keɓe tun 1872, akwai beyar, wata ƙatuwar dabba mai bin ƙamshin abinci, shi ya sa a zangon Fishing Bridge ba a yarda da tanti ba sai mota mai bango, kuma ko cokali ba a bari a waje. Sai kuma kallo. Baƙar fata kaɗan ne a irin wuraren nan, balle mace mai hijabi. Kafin dokar hana wariyar launin fata ta 1964 otal-otal da yawa ba sa saukar da baƙaƙe, kuma tsofaffinsu ba su manta ba. Shi ya sa muke tafiya a ayari, muke kuma isa zango da sauran rana.

Zarginki bai tashi a banza ba, wannan kam gaskiya ne. Akwai Amurkawan da kuɗin haya ya fi ƙarfinsu suka koma zama a irin motocin nan shekara da shekaru, kina ganin gurbinsu kin san ba hutu suka zo ba, kuma abin tausayi ne. Akwai kuma tsofaffi da suka yi ritaya, in sanyi ya shigo su gangara Arizona ko Fulorida, in zafi ya zo su koma arewa. A cikin Hausawan nan ma masu yin irin tafiyarmu ba su da yawa. Mafi yawa in sun sami hutun mako biyu da 'yan kuɗi gida suke nufa, kuma ban ga laifinsu ba.

Abin da ya sa ni nake dagewa a kan tafiyar nan, yaran ne. Gwaggo, 'ya'yana ba su san tsakar gida ba. A nan kowa daga makaranta sai ɗakinsa, ƙofa a rufe, waya a hannu, maƙwabcinka ma sai ka yi wata ba ku haɗu ba. A zango kuwa, da an jera motoci huɗu an shimfiɗa tabarmi a tsakiya, sai ga gidan Kaka ya dawo. Yaro ya yi ba daidai ba, wadda ba ita ta haife shi ba ta tsawata masa, ya kuma ji. 'Yan mata su zauna tsinkar zogale busasshe tare da iyaye, samari su ɗebo ruwa. A daji sau da yawa waya ba ta kamawa, dole su saurari manya. A daren hoton nan matar madugu, 'yar Damagaram, ta ce "Ga ta nan, ga ta nanku," sai na ji autana, wanda kullum da Turanci yake amsa mini, ya ce "Ta zo mu ji ta." Ban san inda ya tsince ta ba. Na juya na yi kamar hayaƙi ne ya shiga idona.

Bana in Allah ya kai mu muna son zuwa gefen manyan tafkunan Mishigan, kuma zangunan gwamnati da yawa wata shida kafin lokaci suke buɗe rajista, don haka jagaba ya riga ya fara dubawa. In mai zuwa ya samu, ki aiko mini da daddawa da kuka da kuɓewa busasshiya. Kada ki sa kilishi, jami'an filin jirgi ƙwacewa suke yi, nama ba ya shigowa. Ki gaishe mini da Baba da su Inna, yaran duk suna gaishe ki.