Fomatin ba ya share sirrin mai kaya

Ka ce da ni, "Oga, tunda na yi wa laftof ɗin nan fomatin na sa sabuwar Windows, me ya rage kafin mu sayar?" Ɗana, babban aikin ne ya rage.

Idan ka goge fayil, kwamfuta ba ta taɓa ainihin abin da ke cikinsa. Sunansa kawai take cirewa daga jadawalinta, ta ce wurin ya zama fili. Kamar mai sito ne ya yage littafin lissafi, amma buhunan shinkafa na nan jibge a ciki. Fomatin na gaggawa ma haka yake. Sabuwar Windows ɗin ta taka wani ɗan yanki ne kawai, sauran kuwa duk wanda ya sauke Recuva ko PhotoRec, waɗanda kyauta ake samunsu, zai iya tono shi. Tsakanin 2000 da 2002 wasu masu bincike a jami'ar MIT ta Amurka, Simson Garfinkel da Abhi Shelat, suka sayi tsofaffin had-disk 158 a kasuwa. 12 kacal suka tarar an share yadda ya kamata, cikin sauran har da dubban lambobin katin banki.

To, duba masu kawo mana kaya nan Gusau: ma'aikacin gwamnati, ɗalibin jami'ar tarayya, mai shagon POS. Akwai BVN, akwai NIN, akwai hotunan iyali na cikin gida. Jerin sunaye da albashi da lambobin waya kuwa, a halin da Zamfara ke ciki, ka san abin da zai iya jawowa in ya faɗa hannun mugu. Tun 2023 ma Najeriya na da dokar kare bayanan mutane, amma ni ko babu doka, amana ce aka ba mu.

Fara da gane irin abin da ke hannunka. In had-disk ne mai faifai mai juyawa, maganinsa a rubuta wani abu a kan kowane lungu nasa. Tayar da kwamfutar daga filashin Windows, ka danna Shift da F10, ka rubuta diskpart, wato manhajar Windows ta sarrafa disk. Ka rubuta list disk, ka zaɓi naka, sannan clean all. Kada ka manta da all ɗin nan. Clean kaɗai alamar rabon faifan yake cirewa, clean all ne ke bin sa da sifili daga farko har ƙarshe. Ka duba girman disk ɗin sau biyu kafin ka danna, don wannan ba ya dawowa. Mai terabait ɗaya yakan ci awanni, saboda haka ka tabbata akwai mai a janareto.

Za ka ji wasu na cewa sai an maimaita sau 35. Wannan hanyar Peter Gutmann ce ta 1996, ta faifan wancan zamanin. Hukumar NIST ta Amurka, a ƙa'idarta mai lamba 800-88, ta nuna cewa rubutu sau ɗaya ya wadatar wa had-disk na yanzu. Kada ka ɓata kwana uku a banza.

SSD kuwa, wato ma'ajiyar da ke aiki da cif maimakon faifai mai juyawa, nan yara ke rasa hanya. Shi ba ya rubutu wuri guda. Yana ta sauya wurin ajiya don kada wani sashe ya riga wani lalacewa, kuma yana da ɓoyayyen fili da Windows ba ta gani. Ko ka cika shi da sifili, wani abu na iya saura. Shi ya sa DBAN, manhajar share had-disk, ba tasa ba ce. Ka nemi Secure Erase ko Sanitize a cikin BIOS, wato saitin kwamfuta da ake shiga kafin Windows ta tashi, ko manhajar kamfanin da ya ƙera shi, irin su Samsung Magician.

In ka gama, ka sa PhotoRec ya bincika da kanka. In ya fito da hoto ko ɗaya, ba ka gama ba.

Disk ɗin da ya mutu, kwamfuta ba ta ganinsa, kada ka miƙa wa 'yan jari bola haka nan, kuma maganaɗisun lasifika ba ya yi masa komai. Buɗe shi ka huda faifan wurare da yawa. Na laftof galibi gilashi ne, yana tarwatsewa, don haka ka naɗe shi da tsumma ka kare idonka. SSD kuma ƙananan baƙaƙen cif ɗin nan za ka farfasa ɗaya bayan ɗaya.

Yanzu kira mai laftof ɗin tukuna, ka tambaye shi ko ya kwashe duk abin da yake so. In ya ce e, zo mu duba ko SSD ne a ciki.