Tekken da Street Fighter: duniya ɗaya suke?

Ɗan'uwa daga Garwa, ka ce gardama ta kaure a shagon gem na unguwarku: tunda Akuma, ɗan wasan Street Fighter, ya fito a Tekken 7, ashe duniyar wasannin biyu ɗaya ce? A'a, ba ɗaya ba ce.

Tekken na Bandai Namco ne, Street Fighter kuwa na Capcom. Aron Akuma aka yi. Abin da ke rikita mutane shi ne ba a bar shi a matsayin baƙon da za ka zaɓa ka yi faɗa da shi kawai ba, an saka shi cikin labarin: Kazumi, matar Heihachi Mishima na Tekken, ta roƙe shi ya kashe mijinta da ɗanta Kazuya. To amma wannan a ɓangaren Tekken kaɗai yake. Ka bi labarin Street Fighter 6 na 2023 daga farko har ƙarshe, ba za ka ji an ambaci gidan Mishima ba. Street Fighter X Tekken na 2012 ma haɗuwar nishaɗi ce, babu labarin da aka ɗora a kanta.

Wanda suke duniya ɗaya da Street Fighter da gaske shi ne Final Fight na 1989. Guy da Sodom na Final Fight sun shigo Street Fighter Alpha a 1995, Rolento ya biyo a 1996, Cody ya bayyana a Alpha 3 sanye da kayan fursuna da ankwa a hannu, daga baya ya zama magajin garin Metro City. A wannan birnin ne kake yawo a Street Fighter 6, har ka tsaya gaban mutum-mutumin Mike Haggar, jarumin Final Fight kuma tsohon magajin garin.