Kafin ka sayi sabuwar kwamfuta, duba layin da ya tsayar da aikin

Tambaya: Malam, barka da aiki. Mu biyar muke rubuta wata manhaja da yaren C. Abokan aikina duk Ubuntu suke amfani da ita, ni kaɗai ke da MacBook. Da na buga `make` sai aikin ya tsaya, ya rubuto min `sed: 1: "config.h": command c expects \ followed by text`. A wurinsu kuwa komai lafiya lau. Har na fara tara kuɗin wata kwamfutar da zan sa wa Linux. In saya?

Ɗan'uwa, mayar da kuɗinka aljihu. Kwamfutarka lafiyarta ƙalau. Buɗe Makefile ɗinku, wato fayil ɗin da `make` ke bi wajen haɗa manhaja, za ka tarar da layi mai kama da `sed -i 's/DEBUG 1/DEBUG 0/' config.h`. A nan gizo ke saƙar.

Sed umarni ne na sauya rubutu a cikin fayil. Sunan umarnin ɗaya ne, amma sed ɗin da ke kan Ubuntu da wanda ke kan Mac ba gida ɗaya suka fito ba. Na Ubuntu na GNU ne, aikin da Richard Stallman ya sanar da farawa a 1983. Na Mac daga zuriyar BSD yake, kusan duk ƙananan umarnan Mac daga FreeBSD da 'yan'uwanta aka ɗebo su. Akwai ƙa'idar da ta haɗa kowa, wato POSIX, wadda ɓangarenta na shel (manhajar da ke karɓar umarnan da ka buga) da umarnai ya fito a 1992. Sai dai `-i`, wanda ke sa sed ya gyara fayil a inda yake, ba ya cikin ƙa'idar. Kowane gida ya ƙaro shi ne yadda ya ga dama. A wurin GNU, idan ka rubuta `-i` shi kaɗai ya wadatar. A wurin Mac dole ne wata kalma ta biyo bayansa, ita ce za a liƙa a ƙarshen sunan kwafin ajiya. Saboda haka sed ɗinka ya ɗauki `s/DEBUG 1/DEBUG 0/` a matsayin wannan kalmar, sannan ya ɗauki `config.h` a matsayin umarnin da zai aiwatar. Harafin farko c ne, kuma c umarni ne a sed, shi ya sa yake kukan cewa bai ga abin da ya kamata ya biyo bayan c ba.

Mutane da yawa za su ce maka ka mayar da shi `sed -i ''`. Zai yi aiki a wurinka, gobe da safe kuma abokan aikinka huɗu su zo maka da nasu kukan, domin sed na GNU zai ɗauki abin da ya biyo baya a matsayin sunan fayil, ya ce bai same shi ba. Abin da ɓangarorin biyu suka yarda da shi shi ne `sed -i.bak`, a manne ba tazara, sannan ka goge `config.h.bak` da `rm`. Ni dai na fi son a bar `-i` ɗin gaba ɗaya. A ajiye asalin fayil da suna `config.h.in`, a rubuta `sed 's/DEBUG 1/DEBUG 0/' config.h.in > config.h`. Wannan ba sed ɗin da zai ƙi shi, kuma ya fi dacewa da yadda make ke tunani: ga abin da ya shiga, ga abin da ya fito, ba fayil ɗaya da ke canza kansa duk lokacin da aka haɗa.

Ka kuma shirya, don da wuya a ce layin nan shi kaɗai ne. Wanda ya saba da GNU yakan zuba irinsu ba tare da ya sani ba. `stat -c %s` na GNU ne, Mac `stat -f %z` ya sani, alhali `wc -c < fayil` na ba da girman fayil a ko'ina. `date -d` ba ya aiki a Mac. `grep -P` ma haka, kuma sau da yawa `grep -E` ya isa. `install -D`, wanda ke ƙirƙirar foldojin da babu kafin ya kwafa, a raba shi biyu: `mkdir -p` tukuna, sannan `install`. `nproc` babu shi a Mac, amma `getconf _NPROCESSORS_ONLN` na amsawa a duka biyun. `readlink -f` sai a macOS 12.3 ya fara aiki, don haka tsofaffin Mac za su tsaya a kansa. Akwai kuma wanda ya fi su ɓoyewa: umarnan GNU na yarda ka sa zaɓi bayan sunan fayil, kamar `cp tushe wuri -R`, na BSD kuwa da sun ga sunan fayil na farko sun daina neman zaɓi, sai su ɗauki `-R` a matsayin fayil.

Idan wata rana ka buƙaci Linux da gaske, kwantena (keɓaɓɓen akwatin Linux irin na manhajar Docker) ko kwamfutar cikin kwamfuta a kan Mac ɗin nan naka ta ishe ka, ba ka biya ko sisi ba. Kuma a ganina kai riba ne ga ƙungiyarku, domin kai ne kaɗai ke ganin abin da mai saukar da manhajarku a Mac zai gani.

Tambaya: Wani ya ba ni shawara in sauko da kayan GNU ta Homebrew, manhajar sauko da kaya a Mac, in huta da gyaran rubutun umarni. Wanne ya fi, wannan ko gyaran?

Sai ka fara tambayar kanka rubutun na waye. Idan manhajar wasu ce, kai dai so kake ta haɗu yau ka ci gaba da aikinka, sauko da su. `brew install coreutils gnu-sed findutils` zai ba ka umarnan GNU da harafin g a gaba: `gsed`, `gdate`, `gstat`, `gfind`. Idan Makefile ɗin yana kiran sed ta cikin wani suna kamar `$(SED)`, to `make SED=gsed` ya kashe magana.

Inda nake jan kunne shi ne foldar `gnubin` da Homebrew ke ba ka damar sakawa a gaban PATH, jerin foldojin da shel ke neman umarni a cikinsu, ta yadda `sed` kai tsaye zai zama na GNU. Akwai rubutu da yawa da ke tambayar `uname`, umarnin da ke faɗin sunan tsarin, idan ya amsa Darwin, wato Mac, sai su ɗauka sed na BSD ne, su rubuta `-i ''`. Ranar da ka sauya musu sed a ɓoye, su ne za su fara faɗuwa, kuma za ka sha wahala kafin ka tuna kai ka jawo. In dole ne, saka foldar a PATH na wannan zaman taminal kaɗai, kada ka rubuta ta a fayil ɗin da shel ke karantawa kullum.

Idan kuwa rubutun naka ne, gyara shi. Kayan GNU a kwamfutarka za su rufe maka ido ne kawai, matsalar na nan tana jiran mutum na gaba. Kuma kada ka kwaikwayi masu tambayar `uname`. Tambayi umarnin da kansa: `sed --version` na amsawa lafiya a GNU, ya ƙi a BSD. Wani lokacin ma babu laifi ka ce aikina kayan GNU yake buƙata, matuƙar ka faɗa a fili, kuma rubutun ya duba tun daga layin farko ya tsaya da saƙo mai ma'ana, ba ya mutu a tsakiyar hanya ba.

Tambaya: Assalamu alaikum. Ni ɗaliba ce, rubutun da na yi yana aiki idan na buga `bash gini.sh`, amma da na sa layukan cikin Makefile sai na ga `[[: not found`, kuma fayil ɗin da ya fito yana farawa da `-e`. Shin in koma bash gaba ɗaya ko in koyi sh?

Wa alaikumus salam, 'yar'uwa. Make ba ya kula da shel ɗin da kike amfani da shi a taminal. Kowane layi `/bin/sh` yake miƙa wa. A Ubuntu tun fitowar 6.10 a 2006, `/bin/sh` ba bash ba ne, dash ne, ƙaramin shel mai sauri wanda bai san komai ba sai abin da POSIX ta ce da ɗan ƙari kaɗan. Debian ma ta bi sahu, daga 6.0 a 2011. Dash bai san `[[` ba, bai san `source` ba, bai yarda da `==` a cikin `[ ]` ba. `echo` ɗinsa kuma bai san `-e` a matsayin zaɓi ba, shi ya sa ya rubuta miki shi cikin fayil kamar kowace kalma. Maganinsu ba wuya: `[` ɗaya da `=` ɗaya, ɗigo a madadin `source`, `printf` a madadin `echo` duk inda akwai `\n` ko wani zaɓi.

Game da zaɓin, ga ra'ayina. Gajerun layukan Makefile, rubuta su da sh tsantsa, ba su kai a kira bash dominsu ba. Idan rubutu ya yi tsawo har kina buƙatar jerin abubuwa da irin dabarun bash, to yi amfani da bash, amma ki faɗa: `#!/usr/bin/env bash` a saman fayil, ko `SHELL := bash` a Makefile na GNU. Abin da ba ya yiwuwa shi ne a rubuta `#!/bin/sh` a sama, a cika ƙasa da bash. Na ce `env` ne domin a FreeBSD bash ba ya zuwa da tsarin, idan an sa shi ma a `/usr/local/bin` yake zama.

Kada kuma ki ɗauka bash ɗaya ne a duniya. Wanda Apple ke sakawa a Mac har yanzu 3.2 ne, na 2006, domin waɗanda suka biyo baya sun koma lasisin GPL na 3. Tun Catalina a 2019 ma zsh ne shel ɗin da sabon mai Mac ke samu. `declare -A` da `mapfile` sai a bash 4.0 na 2009 suka zo, don haka a Mac za su faɗi ko da kin kira bash da sunansa. Sabuwar POSIX ta 2024 ta shigar da abubuwan da aka daɗe ana so, irin su `set -o pipefail`, `sed -E` da `find -print0`, amma shigarsu takarda ba ta sa tsofaffin na'urori sun koye su ba, kuma dash da yawa da ke aiki yau za su ƙi `pipefail`.

Sauko da ShellCheck, abin duba rubutun shel, kyauta ne. Idan ya ga `#!/bin/sh` zai nuna miki duk inda bash ya leƙo. A Debian da Ubuntu akwai `checkbashisms` cikin kunshin devscripts. Sai dai su biyun nahawun shel suka fi dubawa, ba za ki dogara da su wajen kama `stat -c` ko `date -d` ba.

Tambaya: Muna zaɓen hoton Docker, wato shiryayyen tsarin Linux da ake tayar da kwantena daga gare shi, da za mu riƙa haɗa manhaja a ciki. Alpine ƙarami ne, amma da mun gwada sai ya ce `./build.sh: not found`, alhali ga fayil ɗin nan muna ganinsa. Mu haƙura mu koma Debian?

Ba fayil ɗin ne bai gani ba, `/bin/bash` da aka rubuta a layinsa na farko ne babu. Alpine ba ya zuwa da bash, kuma umarnansa na BusyBox ne, manhaja ɗaya da ke amsa sunan sed da grep da cp da sauransu, da zaɓuɓɓukan da aka rage. `apk add bash coreutils sed grep` zai wuce da ku wannan wurin.

Amma ba a kan wannan za ku yanke shawara ba. Babban bambancin shi ne laburaren C da manhajoji ke jingina da shi: Alpine na amfani da musl, Debian na amfani da glibc, kuma abin da aka haɗa ya jingina da ɗaya ba ya tashi kai tsaye a kan ɗayan. Ku haɗa a kan irin tsarin da manhajar za ta zauna. Idan sabobinku Debian ne ko Ubuntu, ku ɗauki siririn hoton Debian ku huta. Girman hoton da ake haɗawa a ciki ba shi da wani nauyi, tunda Docker na ba ku damar haɗawa a mataki ɗaya, ku kwashe abin da ya fito kaɗai zuwa ƙaramin hoto a mataki na biyu.

Tambaya: Manajanmu na tambaya ko ya dace mu riƙa biyan kuɗin gwajin atomatik a kan Mac, tunda mintinsa ya fi na Linux tsada.

A cikin duk tambayoyin nan, nan ne kaɗai zan ce a kashe kuɗi, shi ma da sharaɗi. Idan ba ku da mai haɗa manhajarku a Mac, daga ma'aikata har masu saukewa, kada ku biya. Idan akwai, babu abin da ke maye gurbin gwadawa a can. Wasu na saka `POSIXLY_CORRECT=1` su ɗauka sun gama, alhali abin da yake yi kaɗan ne: yana hana umarnan GNU karɓar zaɓi bayan sunan fayil, amma ba ya hana su karɓar `-i` ko `-P`.

Ku fara da mai arha. A kowane canji, a haɗa sau biyu a kan Linux, ɗaya a Debian, ɗaya a Alpine ba tare da an ƙara masa kayan GNU ba. Na farko zai kama bash da ya ɓuya a cikin sh, na biyu zai kama wani kaso na zaɓuɓɓukan GNU, ko da yake BusyBox na kwaikwayon GNU a wurare da dama, har da `sed -i`, don haka wannan zai wuce masa. Gwajin Mac kuma a saita shi ya tashi ne kawai idan an taɓa Makefile ko foldar rubutun umarni, da kuma kafin kowace fitarwa. Idan aikin naku buɗaɗɗe ne ga jama'a a GitHub, na'urorin gwajinsu na yau da kullum, har da na Mac, kyauta ne, sai ku kunna shi a kowane canji.