Waya Ba Sabis, Amma Saƙo Ya Tafi: Yadda Tauraron Ɗan Adam Ke Shiga Tsakani

Tambaya: Malam, na ji an ce yanzu waya tana aika saƙo ko a inda babu sabis, ta hanyar tauraron ɗan adam. Gaskiya ne? Wace manhaja zan sauke?

Amsa: Gaskiya ne ɗan'uwa, sai dai ba aikin manhaja ba ne. Duk manhajar da ta ce maka da ka sauke ta wayarka za ta kama tauraro, ka guje ta, domin abin ya dogara ne ga kayan da ke cikin wayar da kuma yarjejeniyar kamfanin layinka.

Hanya biyu ake bi. Ta farko ita ce wadda Apple ya fara da iPhone 14 a 2022, inda aka ƙera wayar yadda za ta yi magana da taurarin kamfanin Globalstar da ke shawagi a nisan kusan kilomita 1,400. Da farko saƙon neman agaji kawai ake aikawa, sai a 2024 iOS 18, wato tsarin da ke tafiyar da iPhone, ya buɗe ƙofar saƙonnin yau da kullum a wasu ƙasashe. Ta biyu kuma ita ce ta Starlink, kamfanin intanet na tauraron ɗan adam, wanda ya fara harba taurari na musamman a Janairun 2024. Waɗannan tamkar turken sabis ne aka rataya a sama, a nisan kusan kilomita 360, kuma waya mai 4G tana iya kama su ba tare da an ƙara mata komai ba. Amma fa sai in kamfanin layinka ya ba su aron zangonsa, wato mitar rediyon da siginarsa ke bi, hukumar sadarwar ƙasar kuma ta amince, kamar yadda kamfanin layi na T-Mobile ya yi a Amurka.

Abin da ya fi burge ni a nan shi ne raunin muryar wayar. Ƙarfin da take aikawa da shi bai wuce wat 0.2 ba, wanda aka tsara don turken da ke 'yan kilomitoci kaɗan. Ga shi kuma tauraron yana gudun kusan kilomita 27,000 a awa, cikin 'yan mintuna ya wuce ta samanka ya miƙa ka ga na bayansa. Wannan gudun yana karkatar da zangon siginar, sai an gyara shi daga ɓangaren tauraron kafin wayar ta yarda cewa da turke take magana.

Shi ya sa in za ka gwada, ka fita fili inda kake ganin sama sosai. Rufin kwano, bango, tsauni da bishiya mai duhun ganye duk suna tare siginar. A iPhone za ka ga alama a fuskar wayar tana nuna maka ka juya dama ko hagu. Ka bi ta, ka riƙe wayar a hannu yadda ka saba, kada ka mayar da ita aljihu. Saƙo gajere kan tafi cikin daƙiƙoƙi a fili, a ƙarƙashin bishiya kuwa ya kan wuce minti ɗaya. In ka ga yana jan ƙafa kada ka soke, sau da yawa jiran tauraro na gaba yake yi. A sashen Emergency SOS na saitin iPhone akwai gwaji da za ka yi tun kafin ranar buƙata ta zo, kuma ina ba da shawarar a yi shi.

Tambaya: Malam, an ce guguwar rana tana ƙona wayoyi. In kashe tawa in an sanar da zuwanta?

Amsa: A'a 'yar'uwa, bar wayarki a kunne. Hatsarin guguwar rana, wato ɓurɓushi masu cajin lantarki da rana ke watsowa zuwa duniya, yana kan dogayen wayoyin lantarki masu ɗaruruwan kilomitoci da kuma taurarin ɗan adam da ke sama. A Fabrairun 2022 wata guguwa ta ɗumama iskar can sama har ta kumbura, ta riƙe sababbin taurarin Starlink, 38 daga cikin 49 suka faɗo suka ƙone. Ta Mayun 2024 kuwa ita ce mafi ƙarfi tun 2003.

Abin da za ki iya lura da shi shi ne taswira ta ɗan kauce. Siginar GPS tana tasowa daga nisan kilomita 20,200, wayar kuma tana lissafa inda kike ne daga lokacin da siginar taurari aƙalla huɗu ta ɗauka kafin ta iso. In guguwa ta hargitsa saman iska sai siginar ta yi jinkiri, ɗigon nan mai shuɗi ya koma gefen titi ko ya riƙa tsalle. Ki kunna Wi-Fi ko da ba ki haɗa da kowa ba, domin wayar tana amfani da na'urorin Wi-Fi da ke kusa wajen gyara lissafinta.