Hukuncin Sa Sunan Shugaban Sashe a Binciken da Bai Yi Ba

Tambaya: Assalamu alaikum Malam. Ni shugaban sashe ne a wata jami'a, saura mataki ɗaya in zama farfesa. Ƙananan malamai da ɗaliban digiri na biyu da na uku sukan sa sunana a maƙalolin da suke bugawa, wasu ko karanta su ban yi ba. Ban taɓa tilasta kowa ba, haka muka tarar ana yi, ni ma na yi wa na gaba da ni. Ya halatta in haɗa su cikin takardun neman ƙarin girma?

Amsa: Wa alaikumus salam wa rahmatullah. Allah Ya saka maka da alheri, Dakta. Da zuciyarka ta kwanta da abin nan ba za ka tambaya ba.

Maƙalar da ba ka sa hannu a aikinta ba, bai halatta sunanka ya hau kanta ba, balle ka nemi muƙami da ita. Allah Maɗaukaki Ya yi wa masu son a yabe su kan abin da ba su aikata ba narkon azaba mai raɗaɗi, a aya ta 188 ta Suratu Ali Imrana. Bukhari da Muslim kuma sun ruwaito daga Asma'u 'yar Abubakar, Allah Ya yarda da su, cewa wata mata ta tambayi Annabi, sallallahu alaihi wa sallam, ko laifi ne ta nuna wa kishiyarta cewa miji ya ba ta abin da bai ba ta ba. Ya ce mai tinƙaho da abin da ba a ba shi ba kamar wanda ya sa tufa biyu na ƙarya ne. Wannan fa magana ce ta cikin gida tsakanin mata biyu. To ina ga takardun da za a aika wa masu tantancewa na wasu jami'o'i, su yanke hukunci a kansu cewa wane ya kai farfesa?

Inda na fi so ka tsaya ka yi tunani shi ne cewar da ka yi ba ka tilasta kowa ba. Annabi ya aiki wani mutum mai suna Ibnul Lutbiyya karɓo zakka, da ya dawo ya ce wannan naku ne, wannan kuma kyauta aka ba ni. Sai Annabi ya hau mumbari ya ce me ya hana shi zama a gidan ubansa da uwarsa ya gani ko za a kawo masa kyautar. Ka auna kanka da wannan ma'aunin. Ranar da wa'adin shugabancinka ya ƙare, su nawa ne za su ci gaba da sa sunanka? Ƙaramin malamin nan ya san kai ne kake sa hannu a takardar tafiyarsa ƙaro karatu, kai kake raba kwasa-kwasai, kai kake shiga kwamitin ƙarin girmansa. Ɗalibi kuwa digirinsa ne a hannunku. Bai ce a'a ba domin ba shi da bakin faɗa. Shehu Usmanu Ɗanfodiyo ya lissafa gaisuwar da ake kai wa masu mulki cikin abubuwan da ya soki sarakunan zamaninsa da su. A ganina wannan ma gaisuwa ce, da suna ake biyan ta maimakon kuɗi.

Cewa al'ada ce ba hujja ba ce, don malaman Usulu, wato ilimin tushen hukunce-hukuncen shari'a, sun sharɗanta kada al'ada ta saɓa wa nassin Alƙur'ani ko hadisi kafin a yi aiki da ita. Abin da aka karɓe maka kana ƙarami zalunci ne, kuma bai zama bashin da za ka karɓa a wuyan na bayanka ba.

Sai dai a rarrabe. Idan da kai aka tsara binciken, ko ka zauna ka warware bayanan da aka tattaro, ko ka yi gyara mai nauyi har kana iya tsayawa ka kare abin da ke ciki, sunanka haƙƙinka ne, kuma wannan shi ne halin mai duba aikin ɗalibi da gaske. Idan kuwa ɗakin gwaji ka buɗe musu ko ka nemo musu tallafi kawai, ambatonka a sashen godiya na maƙalar ya ishe ka.

Ka zauna da jerin maƙalolin, ka cire duk wadda ka san ba ka yi wa aiki ba, ko da hakan zai jinkirta maka kujerar shekara ɗaya ko biyu. Ka tuba kan abin da ya wuce, ka nemi afuwar masu aikin. Sannan ka faɗa da bakinka a taron sashe cewa daga yau kada a sake sa sunanka sai inda ka yi aiki, kuma hakan ba zai shafi takardar kowa ba. Ƙaramin malami ba zai iya fara wannan maganar ba, dole daga kujerarka za ta fito, domin kai ne makiyayin da za a tambaya a kansu.

Wallahu a'alam.