Shin Yaƙi Ne Ke Haifar da Sababbin Ƙirƙire-ƙirƙire?

Tambaya: Ina yawan jin ana cewa lokacin yaƙi ne kimiyya ta fi ci gaba. Gaskiya ne, kuma ta yaya hakan ke faruwa?

Amsa: Akwai ƙamshin gaskiya, amma yawanci ilimin yana nan tun kafin a fara harbi. Abin da yaƙi ke kawowa shi ne kuɗi da gaggawa, da tilasta wa kamfanonin da ke gasa su haɗa kai.

Ɗauki penisilin. Alexander Fleming ya gano shi a 1928, amma fiye da shekara goma ba a iya samar da isasshe ba. A 1941, ana cikin Yaƙin Duniya na Biyu, ayarin Howard Florey a Oxford sun gwada shi a kan wani ɗan sanda. Ya fara samun sauƙi, maganin ya ƙare, ya rasu. Matsalar ita ce fumfunar da ke fitar da maganin tana buƙatar iska, don haka a saman ruwa kawai take tsiro, cikin kwalabe da faranti.

Da aka kai aikin Amurka, masu bincike a Peoria suka gano cewa ruwan jiƙon masara yana ninka yawan maganin, sannan a 1943 suka samu irin fumfuna mai albarka a jikin wata ruɓaɓɓiyar kantalof, 'yar'uwar kankana. Kamfanin Pfizer ya koma rainonta cikin manyan tankuna, ana hura iska tsarkakakkiya daga ƙasa ana juyawa ba tsayawa. Nan ne wahalar take: ruwan yakan yi kumfa ya tumbatsa, kuma idan wata ƙwayar cuta ta kutsa, sai ta lalata maganin tanki guda. Dole a tace shi cikin sanyi, a daskarar, a busar, domin zafi na kashe ƙarfinsa. Zuwa Yunin 1944 an tanadi allura kusan miliyan 2.3 saboda sojojin ƙawance da suka sauka Nomandi, a gaɓar tekun Faransa.

Haka ta faru da rada, na'urar hango jirage daga nesa. Na'urar maginetiron da aka ƙera a Birmingham a 1940, wadda ke samar wa rada siginarta, ita ce daga baya ta zama zuciyar injin ɗumama abinci.

Sai dai wannan saurin yana da tsada, kuma bai kamata a manta ba. Irin gaggawar nan ce ta kai iskar kulorin mai guba fagen daga a Ypres ta ƙasar Beljiyam a 1915, lokacin Yaƙin Duniya na Ɗaya. Ana ɓoye sakamakon bincike, ana jingine duk aikin da ba ya amfanar soja. Shi kansa penisilin sojoji aka fara bai wa. Sai a Maris 1945 ya shiga kantunan magani na Amurka.