Filin Tambaya da Amsa: Satar Fasaha Ce, Ko Kuwa Arashi Aka Yi?

TAMBAYA: Assalamu alaikum. Malam, ni malamin makarantar sakandare ne a nan cikin garin Sakkwato, kuma ina ɗan taɓa rubutu. A bara na gabatar da maƙala a wani taron marubuta kan koma-bayan sana'ar jima da dukanci a ƙasar Sakkwato, aka raba wa mahalarta kwafinta. Bayan 'yan watanni sai na ga rubutun wani da na sani sama-sama a jarida a kan wannan batu, kuma abubuwan da ya kawo sun yi kama da nawa ƙwarai. Ya yi maganar jar akuyar Sakkwato da yadda Turawa suka riƙa kiran fatarta fatar Maroko, ya ambaci bagaruwa da karan dafi, ya kuma ɗora alhakin durƙushewar sana'ar a kan kayan roba na ƙasashen waje da gudun da matasa suke yi wa sana'ar iyaye, kamar yadda na yi. Har wani labari da wani tsohon majemi ya ba ni baki da baki, na yadda mahaifinsa yake gane fatar da ta jemu ta hanyar murza ta kusa da kunne, na gan shi a ciki ba tare da an ambace ni ba. Abokaina suna ta zuga ni in fito in tona masa asiri. Shin wannan satar fasaha ce, ko kuwa arashi ne?

Daga wani malamin makaranta, Sakkwato.

AMSA: Wa alaikumus salam, Malam. A cikin abubuwan da ka lissafa, ɗaya ne kawai ya cancanci a tsaya a kansa, wato labarin tsohon majemin. Sauran ba su isa hujja ba ko da an tara su wuri ɗaya, saboda haka shawarata ta farko ita ce ka dakata da maganar tonon asiri.

Duk wanda ya zauna zai yi rubutu a kan jima a ƙasar Sakkwato, ba makawa sai ya ambaci jar akuya, da bagaruwar da ake jima da ita, da karan dafin da ake rina fata ja da shi. Labarin fatar Maroko ma yana cikin littattafan tarihi, domin an daɗe da sanin cewa fatake ne suke ratsa Sahara da fatun ƙasar Hausa zuwa arewacin Afirka, daga can su wuce Turai da sunan ƙasar da aka saye su. Batun kayan roba da gudun sana'ar gado kuwa, ko a majalisar ƙofar gida aka tayar da zancen, amsar da za a ji ke nan. Ma'aunin da zan ba ka shi ne ka tambayi kanka: da a ce wani mutum na uku, wanda bai taɓa ganin rubutunka ko na wancan marubuci ba, zai rubuta a kan wannan batu, shin zai kawo wannan magana? Idan amsar ita ce e, to, ka cire ta daga cikin ƙorafinka. Tun a ƙarni na 9 malamin adabin nan na Basra, Jahiz, ya nuna cewa ma'anoni a yashe suke a kan hanya, Balarabe da ba'ajame da mutumin birni da na ƙauye duk sun san su, gwaninta tana wajen zaɓen kalma da ƙirar zance. Dokar haƙƙin mallaka ta Najeriya ta 2022, wadda aka sanya wa hannu a 2023, a kan wannan turba take: ba ta kare tunani tsurarsa ko bayanai zalla, abin da take karewa shi ne siffar da marubuci ya fitar da su.

Mutane da yawa suna raina ƙarfin arashi, alhali tarihin ilimi cike yake da shi. Charles Darwin ya shafe kimanin shekara 20 yana tattara hujjoji a Ingila kan yadda halittu suke sauyawa, sai a 1858 ga wasiƙa daga Alfred Wallace, wanda yake can tsibiran da a yau suke cikin Indonesiya, ɗauke da kusan wannan ra'ayi. Babu wanda ya kwafi ra'ayin wani, kuma a ranar 1 ga Yuli na 1858 aka karanta rubuce-rubucensu tare a wani taron masana a Landan. Abin da ya fi amfani gare ka a labarin shi ne dalilin dacewar tasu: dukkansu sun karanta rubutun Thomas Malthus kan yawan jama'a da ƙarancin abinci, dukkansu kuma sun yi doguwar tafiya suna nazarin dabbobi da tsirrai. Waɗanda suka ɗebo ruwa a rijiya ɗaya, ba abin mamaki ba ne ɗanɗanon ruwan randunansu ya zo ɗaya. Kai da wannan marubuci wataƙila gari ɗaya kuke, littattafai ɗaya kuka duba, kuma majema ɗin da za ku iya ziyarta ba su da yawa. A ɗaya gefen kuma akwai rikicin Isaac Newton da Gottfried Leibniz kan wani reshe na lissafi, inda aka yi shekaru ana jifan juna da zargin sata, har ƙungiyar masana ta Ingila ta fitar da rahoto a 1712 tana goyon bayan Newton, wanda shi ne shugabanta a lokacin. A yau masana tarihi sun yarda cewa kowannensu da kansa ya gano abin.

To, da me ake gane sata? Abu biyu ne sai sun haɗu. Na farko shi ne hanya, wato a nuna cewa wanda ake zargi ya samu damar ganin aikin. A wajenka wannan yana da sauƙin bincike, tunda an raba kwafi a taro: ya halarta, ko wani na kusa da shi ya halarta? Amma samun hanya kaɗai ba ya tabbatar da komai, domin ba duk wanda ya bi ta kasuwa ne ya yi sata ba. Na biyu, wanda shi ne ginshiƙi, shi ne kamanceceniya a wuraren da batun bai tilasta ta ba. Ka duba jerin hujjoji: idan kai ka fara da rini kafin jima saboda wani dalili naka, alhali a aikace jima ce take zuwa da farko, sannan shi ma ya bi wannan baƙon tsari, akwai abin tambaya. Ka duba misalan da kai ka ƙirƙira, da jimlolin da suka zo kalma da kalma ko aka sauya musu kalma ɗaya ko biyu aka bar ƙashin bayansu, da wuraren da ka kauce daga batu ka yi wani ɗan sharhi, shi ma ya kauce a daidai nan.

Hujjar da ta fi kowace ƙarfi kuwa ita ce kuskuren tarayya. Mutum biyu suna iya dacewa a kan gaskiya, domin gaskiyar ɗaya ce, amma da wuya su dace a kan kuskure iri ɗaya a wuri ɗaya. Da wannan ne masu nazarin rubuce-rubucen hannu, irin waɗanda aka adana a cibiyar tarihi ta Waziri Junaidu a nan Sakkwato, suke gane wane kwafi aka juya daga wane: idan magatakarda ya tsallake layi, duk wanda ya kwafa daga nasa zai gaji wannan giɓi. Masu buga ƙamus da taswira har da gangan suke cusa ƙagaggen abu don su kama mai kwafa. A wata shari'a da ta kai Kotun Ƙolin Amurka a 1991, wani kamfanin tarho ya tabbatar da cewa an kwashe littafinsa na lambobin waya saboda sunaye 4 na bogi da ya dasa a nasa littafin sun bayyana a cikin littafin abokin hamayyarsa. Duk da haka kotu ta ce jerin sunaye da lambobi ba aikin basira ba ne da doka take karewa, abin da yake nuna cewa tabbatar da kwafa daban, cin nasara a kotu daban. Saboda haka ka koma wa maƙalarka da idon basira. Idan akwai shekarar da ka rubuta ba daidai ba, ko sunan unguwa da ka karkace, kuma ka tarar da shi haka a rubutunsa, magana ta kusa ƙarewa.

Mu koma kan labarin majemin. Yana yiwuwa daga maƙalarka aka ɗauke shi. Yana kuma yiwuwa marubucin ya je wurin wannan dattijo, domin tsofaffin masu sana'a sukan maimaita labari ɗaya ga duk baƙon da ya zo da tambaya, kuma a wannan hali labarin na dattijon ne, ba naka ba. Hanya ta uku ita ce ya ji shi a bakin wani mahalarcin taron, ko ya karanta maƙalar ya manta, daga baya labarin ya dawo masa kamar nasa. Wannan mantuwa abu ne da masana halayyar ɗan'adam suka sani. Helen Keller, makauniyar nan kuma kurma ta Amurka, tana shekara 11 ta rubuta tatsuniya a 1891 da ta ɗauka tata ce, sai aka gano ta yi kama ƙwarai da wadda aka taɓa karanta mata a 'yan shekarun baya. Abin da zai raba maka gardama shi ne lafazi. Ka tuna yadda dattijon ya faɗi labarin, ka ware abin da kai ka ƙara na ado ko ka rage. Idan adon naka ne ya bayyana a jarida, daga gare ka aka ɗauka. Idan kuma akwai wani bayani a nasa da babu a naka, wanda dattijon ne kaɗai zai iya bayarwa, to, ya je da ƙafarsa. Mafi sauƙi ma, in dattijon yana raye, ka je ka gaishe shi ka tambaya.

Ya kamata a fahimta cewa ɗauko daga aikin wani ba laifi ba ne, ɓoye tushen ne laifi, kuma mutanen Sakkwato ba sa bukatar a koya musu wannan daga waje. Littattafan Shehu Usmanu Ɗanfodiyo da Abdullahi Fodiyo da Muhammadu Bello cike suke da maganganun magabata irin su Magili da Suyuɗi, amma sukan ambaci mai magana da littafinsa, kuma al'adar malamai ce su rufe abin da suka ciro da kalmar "intaha" don mai karatu ya san iyakarsa. Waƙar "Tabbat Haƙiƙa" Shehu ne ya yi ta da Fulfulde, Nana Asma'u ta mayar da ita Hausa, Isa ɗan Shehu ya yi mata tahamisi, wato ya ƙara layuka a kowane baiti ya zama mai layi biyar, kuma har yau an san rabon kowa. Ka kwatanta wannan da abin da ya faru a watan Satumba na 2016, lokacin da aka ga wani sakin layi a jawabin Shugaba Muhammadu Buhari ya zo kusan kalma da kalma da jawabin Barack Obama na 2008. A nan babu zancen arashi, fadar shugaban ƙasa ma ta amsa cewa kuskure ne daga wajen masu rubuta jawabin.

Abin da nake ganin ya dace ka yi shi ne ka adana shaidar lokacin da ka gabatar da maƙalar, kamar takardar tsarin taron da kwafin da aka raba. Sai ka jera rubuce-rubucen biyu gefe da gefe, ka ja layi a ƙarƙashin abin da ya tsira daga ma'aunin da na ba ka, ka kai wa wani malami da ba abokinka ba kuma ba abokinsa ba, domin mai rubutu yakan ga hoton aikinsa a ko'ina. Idan shi ma ya ga abin da ka gani, ka samu marubucin a keɓe, ko ka bi ta hannun wani babba da kuke jin nauyinsa ku duka, ka tambaye shi inda ya samo labarin, da sigar neman sani. Idan ya amsa, a nemi jaridar ta buga gyara ta ambaci sunanka. Idan ya ƙi alhali hujja a fili take, ka rubuta wa edita, ka kuma sanar da ƙungiyar marubutan da ta shirya taron. Hukumar Kula da Haƙƙin Mallaka ta Najeriya da Babbar Kotun Tarayya suna nan, kuma haƙƙinka ya tabbata tun ranar da ka rubuta aikin ko ba ka yi masa rajista ba, sai dai a kan sakin layi ɗaya ban ga abin da zai kai ka can ba. Ka kuma sani cewa kiran mutum ɓarawo a bainar jama'a ba tare da hujja ba yana iya juyewa ya zama ƙarar ɓata suna a kanka, abokan da suke zuga ka kuwa ba su za a kira gaban alƙali ba.

TAMBAYA: Malam, ni ɗaliba ce a ajin ƙarshe a jami'a. An saka kundina a manhajar binciken kamanceceniya, ta nuna adadin da ya haura abin da sashenmu ya yarda da shi, alhali ban kwafi aikin kowa ba. Yaya zan yi?

Daga wata ɗaliba, Sakkwato.

AMSA: Malama, manhajoji irin su Turnitin kalmomi suke gwadawa, ba su san niyya ba, kuma ba su yanke hukuncin sata. Sukan ƙirga ayoyi da hadisai, da sunayen littattafai a jerin manazarta, da maganganun da kika ciro kika kuma faɗi masu su, da jimlolin da kowane kundi yake ɗauke da su a babin hanyoyin bincike. Ki roƙi malamin da yake duba aikinki ya buɗe cikakken rahoton ku bi shi wuri-wuri, a kuma sa manhajar ta tsame manazarta da abin da yake cikin alamar zance. Abin da ya rage bayan haka shi ne abin dubawa: inda kika bi jimlar wani kusa da kusa, ki rufe littafin ki sake rubuta ma'anar da kalmominki, sannan ki ambaci marubucin da shekara da shafi, domin sauya kalmomi ba ya ɗauke wajibcin faɗin inda aka samo magana.